Idon Kofur na Hagu

Tun ranar da aka kai Kofur makwancinsa mutane suke sallama suna shigowa, suna gaya mini ko wane ne mijina. Wannan ya ce mutum ne mai haƙuri. Wancan ya ce duk tsawon aikinsa bai taɓa ko gogar motar wani ba. Ni kuwa sai in ce to, madalla, ku da kuka zauna da shi. Amma ni na wanke kakin nan har hannuna ya yi kanta, don haka ni ma a bar ni in faɗi nawa. Akwai shekarar da mutanen garin nan suka yi ta hawa motarsa suna sauka lafiya, suna yi masa sannu da aiki, ba wanda ya san abin da ya hau. Ni kaɗai na sani.

Na aure shi bayan ya dawo daga yaƙi. Dogo ne siriri, ba ya magana sai an matsa masa. Da muƙamin kofur ya bar soja, Kofur ɗin kuma ya zauna a bakin kowa. Ni Saje yake kirana, wai don na fi shi muƙami a cikin gida. Ban musa ba.

Labarin yaƙi sau ɗaya ya taɓa ba ni, shi ma ba da daɗin rai ba. Ya ce an ajiye wani abokinsu gadi a bakin gada da rana tsaka, sauran suna kwance a baya suna hutawa. Mai karɓarsa ya yi jinkiri. Ƙishirwa ta dame shi, ya ce bari ya gangara rafi ya sha ruwa ya dawo, ai ba nisa. Kafin ya hawo abokan gaba sun riga sun tsallako gadar. Kofur yana cikin waɗanda suka kwashe gawawwakin. Ya ce mini, "Saje, in an ajiye ka a wuri, ba ka tashi sai mai karɓa ya zo ya tsaya inda kake tsaye. Ko wuta ce take cin ka." Tsarabar da ya kawo daga yaƙi ke nan, da ita kuma muka zauna har tsufa.

Ina amarya na ɗora tukunya, na ce ya tsaya a kai in leƙa maƙwabta. Hira ta ɗauke ni. Na dawo na tarar gida ya turnuƙe da hayaƙi, abinci ya zama gawayi, shi kuwa yana tsaye ƙiƙam a gaban murhu, ido na ruwa.

Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Ba ka ji ƙauri ba?"

Ya ce, "Cewa kika yi in tsaya a kai. Ba ki ce in sauke ba."

Haka in ka miƙa masa jariri. Ko fitsari ya tsula masa a cinya ba zai ajiye shi a tabarma ba, sai ka dawo ka sa hannu ka karɓa.

Da ya samu aikin tuƙin bas a kamfanin sufurin gari, sai halin ya samu wurin zama. Layinsa daga tashar jirgi yake tashi, ya ratsa kasuwa, ya zaga shataletale, ya wuce asibiti da makaranta, ya ƙare a unguwarmu. Yana kamawa da safe, a karɓe shi da rana a gaban asibiti. Sauran direbobi da sun hango mai karɓa sai su diro, inji na aiki, su ce ga ta nan. Ban da Kofur. Yana zaune, hannu biyu a kan sitiyari, sai mai karɓa ya hawo ya ɗora nasa hannun, sannan ya ba shi rahoto kamar yana gaban hafsa: birki lafiya, mai ya kusa rabi, ƙofar baya tana sarƙewa. Sai wancan ya ce, "Na karɓa," sannan ya tashi. A gareji dariya suke masa, suna kwaikwayonsa. Amma duk wanda zai aika tsohuwarsa asibiti cewa yake ta jira motar Kofur.

'Ya'ya biyu Allah ya bar mana: babban, wanda aiki ya kai shi nesa, da Auta. Tun suna ƙanana ya ɓata su da wani abu da na tsana. Gidanmu yana hannun hagu in motar ta taho, sai an tsallaka titi. In suka hango ta, da jan tawul ɗin nan da yake ratayawa a madubi, sai su ɗaga hannu su faɗa titi kawai. Shi kuma ya rage gudu, ya ƙyafta musu fitila, su wuce ta gaban hancin mota suna dariya. Ba sa yi wa wani direba haka, sai shi. Na yi zagi, na yi duka, na ce wata rana a buhu za a kawo mini ku. Auta ta ce, "Inna, Baba ne fa. Ya gan ni." Da maganar nan a bakinta ta girma, da ita ta yi aure, da ita ta haihu.

Abin ya faro ne daga ƙofar ɗaki. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana shiga ƙofar nan, sai ga shi yana bugun ta da kafaɗar hagu. Ya ce damina ce ta sa katakon ya kumbura. Na ce to. Sai shayi. In na ajiye masa kofi ta dama ya ɗauka. In na ajiye ta hagu sai ya zauna yana jira, har ya ce, "Saje, yau an hana mu shayi ne?" alhali kofin yana tururi a gefen gwiwarsa. Wata rana yana zaune yana goge takalmi, na lallaɓo ta hagunsa na ɗaga muciya kamar zan rotse masa kai. Tsohon soja, wanda ko ƙuda ya gifta sai ya waiga. Ko ƙiftawa bai yi ba. Na tsaya da muciya a sama. Idon kuwa in ka duba garau yake, ba farar yana, ba ja. Ta gefe duhun yake cinyowa a hankali, irin cin da gara take wa ƙofa ta bar fenti.

Na jira ya ci abinci, na ce, "Kofur, idonka na hagu."

"Me ya same shi?"

"Kai za ka gaya mini."

Ya ture kwanon gefe. Sannan ya ce, "Hanyar nan ko an ɗaure mini ido na san ta."

"Hanya ka sani. Mai keken da zai ɓullo gobe ka san shi? Ka je ka gaya musu."

"Ba a sauke ni ba."

"To ka sauke kanka mana!"

"Soja ba ya sauke kansa, Saje." Ya ɗauki hularsa ya fita. Daga ranar bai ƙara yarda an ta da maganar ba.

Na ɗauki mayafina na tafi gareji wurin manaja. Ya saurare ni, ban ƙi ba. Ya nuna mini wani allo a bango mai manya da ƙananan baƙaƙe, ya ce kowane direba sai ya karanta shi duk shekara, Kofur kuwa har na can ƙasa yake karantawa. Ya ce saboda ni zai sake gwada shi. Ya gwada, Kofur ya karanta tas, don abin da ke gabansa sak yana ganinsa kamar kowa. Da na koma, manaja ya ce, "Mama, ko dai kewarsa kike yi, kina so mu dawo miki da shi gida?" Direbobin da ke bakin ƙofa suka kwashe da dariya.

Na wuce gidan Auta, can kusa da shataletale, na same ta tana shayar da jaririnta. Na gaya mata. Ta ce, "Inna, tun ina goye kike cewa Baba zai ƙarar da mu. Bara kin ce ya kurmance. Kwanaki kin ce ya fara ruɗewa. Yanzu kuma ido?" Ladan mai baki ke nan. Ranar da na zo da gaskiya, an riga an saba da ƙarata.

Washegari na riga shi shiryawa. Na bi shi har tashar jirgi, na hau, na zauna a kujerar da ke bayansa, jikin taga ta hagu. Muna fita daga tasha wani mai babur ya kunno kai ta hagu, na ga kan Kofur bai motsa ba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Kai mai babur, uwarka ce ta shimfiɗa titin?"

Ƙafar Kofur ta sauka a birki. Mai babur ya wuce. Daga nan na samu aiki.

Ba mu taɓa zama muka tsara ba, amma cikin 'yan kwanaki ya gane ni. In na ce, "Dubi wannan sakarai mai baro, da buhunansa zai shigo mana," ya rage gudu. In na ce, "Tsohuwa, lahira kike sauri da sandarki?" ya san mai tafiya a hankali ce, ya ba ta hanya. In na kai ga uwar mutum, ya taka birki har ƙasa. Babu abin da ya motsa a hagun titin nan da bai sha zagina ba: mai keke, mai kura, 'yan makaranta, kare, har wani liman da na gane shi bayan na riga na furta.

Fasinjoji suka sa mini suna Rediyo. Wasu suka ce kishi ne, tsohon nake gadi kada matan kasuwa su ɗauke mini shi. Kullum na hawo sai kwandasta ya ce, "Mama, yau wace tasha za mu kama?" In ce, "Tashar ubanka." A yi ta dariya. Har akwai masu barin wata motar ta wuce don su hau tamu su sha kallo. Suna dariya, ni kuwa zufa tana bin bayana, idona a kan titi, ko waiwaye ba na iya yi in rama. Na daina shan ruwa da safe don kada fitsari ya sauke ni a hanya.

Bai taɓa cewa na gode ba. Sai dai kullum zan tarar ya cire jan tawul ya ajiye a kujerata har in hawo, kada wani ya zauna. Lokaci-lokaci kuma ya shigo gida da kwalbar zuma, ya ce wai wani ne ya ba shi, shi ba ya sha.

Kuma kusan kowace yamma sai na ce masa ya sauka. Ya ce ba a sauke shi ba. Na ce to ni na gaji. Ya ce, "Ban sa ki ba." Da safe in riga shi fita.

Duhun bai tsaya ba. Wajen ƙarshen shekarar na lura ya fara tsayawa nesa da bakin titi in zai ɗauki mutane, wani lokacin kuma ya matsa har taya ta gogi dakali. Na gane ya fara cin na dama. Daga inda nake zaune ba na ganin dama sosai, kai da jakunkuna sun tare. Sai na koma kallon fuskokin masu hawa, ina jin kamar in tare ƙofa. Wata rana wata mai tsohon ciki ta ɗaga ƙafa za ta hawo, na leƙa na ce, "'Yar nan, jira ta baya." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Motar mijinki ce ko ta kamfani?" Ta hawo ta zauna a bayana tana taunar cingam. Har ta sauka ban ɗauke ido daga titi ba.

Sai aka yi ruwa kwana da kwanaki, tagar gefena kuma ba ta rufuwa. Mura ta kama ni. Ranar farko muryata ta dishe, amma tana fita. Rana ta biyu na farka na buɗe baki in ce masa ya tashi, sai iska. Na sake gwadawa. Iska.

Ya tsaya a kaina. Ya ce, "Ki kwanta yau."

Na girgiza kai. Na nuna shi, na nuna tabarma.

Ya ce, "Babu wanda aka ce ya kama layin a madadina."

Yana wanka na ɗauki takalmansa na jefa a randa. Ya fito ya duba ƙarƙashin gado, ya duba bayan ƙofa, bai tambaye ni ba. Ya sa kakinsa da hularsa, ya zura silifas ɗin banɗaki, ya fita. Mutumin da bai taɓa zuwa aiki da takalmi mara sheƙi ba. Na naɗe wuyana da tsumma na bi shi. A bakin ƙofa maƙwabciyata ta gaishe ni, na nuna mata maƙogwaro. Ta ce, "Ikon Allah, yau unguwa za ta huta." Ashe ita ce za ta kai wa Auta labarin cewa Inna ba murya.

Kwandasta ya ce, "Yau an ɗauke wuta a gidan rediyo ke nan?" Ban ko harare shi ba. Na yi dabarar ƙwanƙwasa ƙarfen bayan kujerar Kofur da zobena. A tashar jirgi ya ji. Da muka shiga kasuwa, ga inji, ga hon, ga masu talla, sai ƙwanƙwasar ta ɓace. Wani mai kura ya ja da baya da kansa, yana zagi. Wata mota ta kauce. Kofur yana tafiya a hankali fiye da kullum, wuyansa a sandare, yana juya kai gaba ɗaya kamar mai neman wani a taro. Gumi ya jiƙa bayan kakinsa. Muka yi zagaye na farko, muka yi na biyu. Na fara cewa a raina, in Allah ya kai mu asibiti aka karɓe shi, gobe ko ɗaure shi zan yi.

Muna fitowa daga shataletale hanya ta buɗe, ya ɗan ƙara mai. Can gaba ta hagu, a bakin titi, na hango zanen da ni na saya. Auta ce, da goyo a bayanta, da filas a hannu. Ta dafo mini wani abu na maƙogwaro, ta san lokacin da uban yake wucewa. Wurin tsayawar bas yana ɗaya hannun. Ta duba madubin motar. Tawul ɗin yana kan cinyata, amma ta gane hular. Ta ɗaga filas ɗin sama, tana murmushi, ta sako ƙafa a titi.

Na buɗe baki. Duk zagin da na tara tun ina yarinya yana nan a maƙogwarona, ko ɗaya bai fito ba. Na buga ƙarfe da zobe. Bai ji ba. Tana tahowa ba sauri, irin tafiyar wadda ta san an gan ta, kan jaririn yana lilo a bayanta. Jira take ya ƙyafta mata fitila.

Na cire takalmina na miƙe na zabga masa a kunnen hagu da duk ƙarfina.

Ya taka birki har ƙasa. Mutane suka zubo kan juna, wata ta yi salati, goshina ya daki ƙarfe. Na ji wani abu ya fashe a ƙarƙashin taya. Auta ta ɓace daga gilashi.

Kofur ya ce, "Mene ne?" Yana juya kai. "Saje, mene ne? Me na taka?"

Ba ni da bakin amsawa. Ba wanda ya amsa. Tsit, sai inji.

Sai kukan jariri. Ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba. Sai ga hannu ya kama ƙasan gilashi, sai ga kanta. Gefen motar ya bugi filas ɗin daga hannunta ya tura ta, ta faɗi zaune, filas ya shige ƙarƙashin taya. Gwiwar hannunta tana jini. Ta zagayo ta tagarsa, fuskarta ba ta gama yanke shawarar dariya ko kuka ba.

Ta ce, "Baba, ba ka gan ni ba?"

Ya juyo da kansa gaba ɗaya har ya same ta. Ya dube ta, ya dubi goyon.

Ya ce, "Ban gan ki ba."

Ya ja birkin hannu. Ya kashe inji. Ya mayar da hannu biyu kan sitiyari.

Motoci suka taru a baya suna hon. Kwandasta ya ce, "Kofur, ko gefe ka ɗan matsa mana." Ya ce a'a. Ɗan sandan hanya ya zo ya buga jikin mota ya ce a cire ta daga tsakiyar titi. Kofur ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan ƙara juya wannan sitiyarin ba. Kuma ba zan tashi ba sai an karɓe ni. A aika gareji." Fasinjoji suka sauka suna mita, waɗansu suka tsaya kallo. Bai sauka ya duba 'yarsa ba. Na ji haushin wannan a lokacin, har na so in ƙara masa ɗaya takalmin. Ni na sauka na ɗaure mata hannu da jan tawul, na laluba jaririn tun daga ka har yatsun ƙafa. Da na ɗago na ga hannuwansa a kan sitiyari, ya damƙe har jijiyoyi sun fito. Auta ta hawo ta zauna a matakalar ƙofa, ta dama, inda zai iya ganinta. Ni kuwa ba ta dube ni ba.

Da mai karɓa ya iso a kan babur, ya hawo yana cewa, "Kofur, lafiya? Ta lalace ne?" Kofur ya ce ya ɗora hannu. Ya ɗora.

Ya ce, "Birki lafiya. Mai ya wuce rabi. Tagar hagu ba ta rufuwa. Akwai fasasshen filas a ƙarƙashin tayar gaba, ka duba kafin ka ja." Ya ƙara da cewa, "Direba ba ya gani ta hagu. Ta dama ma ta fara. Ya daɗe. Ka gaya wa manaja haka, da bakina."

Mai karɓa ya rasa inda zai sa idonsa. Da ƙyar ya ce, "Na karɓa."

Kofur ya tashi. Ya sauko da silifas ɗin banɗaki a gaban jama'a, kunnensa ya kumbura, ya miƙa hannu, Auta ta kwance goyon ta ba shi. A ƙafa muka tafi asibiti mu huɗu. Likitan ido ya ce ciwon daga ciki yake, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a rage wa sauran gudu.

An rage, amma ya ƙarasa. Shekarunsa na ƙarshe a kujera ya yi su a ƙofar gida, yana sauraren titi. In bas ta wuce sai ya ce wannan birkinta ya kusa, wancan direban yaro ne, giyar motar yake canjawa da zafi. Jaririn nan ya girma a cinyarsa, shi ya riƙa yi masa jagora zuwa masallaci. Amma ko sau ɗaya bai yarda yaron ya tsallaka titi ba sai da hannun babba, in kuwa ya ji an ce "ai direban ya gan mu," sai ya daka tsawar da ban san yana da ita ba. Auta ba ta ƙara faɗin maganar nan ba. In za ta zo wurinsa sai ta yi magana tun daga nesa. Ni kuwa muryata ta dawo bayan mako, ya ce ya fi jin daɗin makon.

Da ciwon ajali ya zo, ya kwanta ya ƙi tafiya. Ya daina ci, ya daina sha, sai numfashi sama-sama kamar ana jan guga. Likita ya ce yau ko gobe, gobe ta wuce, wata goben ta wuce. Muka ce babban ɗanmu yake jira. Babban ya zo, ya riƙe shi, ya yi kuka, shi dai yana nan. Wata yamma ina zaune kusa da shi, rana tana shigowa ta taga, na lura da hannuwansa. Duka biyun suna kan bargo, a dunƙule, ɗaya nan ɗaya can, daidai faɗin sitiyari.

Na ce, "Kai, wannan mutum." Na kori kowa daga ɗakin.

Na ɗora hannuna a kan nasa. Na ce, "Kofur, ga ni. Ba ni rahoto."

Na zaci ba ya ji. Sai leɓensa ya motsa, na kai kunne.

"Rufin ɗakin baya yana yoyo."

"Na sani."

"Yaron Auta... takalminsa ya matse shi. Ba ya faɗa."

"To."

"Ƙofar gida sai an ɗaga ta."

"Shekara nawa nake ɗaga ta? Sai me?"

"Shi ke nan."

Na ce, "Na karɓa. Sauka."

Hannuwan suka saki. Shayin da na zuba wa kaina bai huce ba ya tafi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Taurin kansa ya kusa cinye mini 'ya da jika, taurin kan nan kuma shi ya riƙe gidan nan tun ina amarya. Masu zuwa gaisuwa ɗaya suke faɗa. Ni duka biyun na aura.

Yanzu gidan yana hannuna. An gyara rufin, an sai wa yaron takalmi. Shekaranjiya Auta ta zo ta haɗa mini shayi, muna hira, na ce, "Ke, yau an hana ni ne?"

Ta dubi gefena. Sannan ta ce, "Inna, ga shi nan a hagunki."

Na ce na gan shi, gwada ta nake. Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki kujerarta ta zagayo ta zauna ta wannan gefen, tun daga lokacin kuma bakinta bai huta ba.